Rasuwar Gembul, Damin Kartar Pak Karsiman

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika ta har baki, da kuma miƙa lamari ga Mai Kowa Mai Komai, ake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk masu zaman shayi a rumfar Yu Tumirah rasuwar Gembul, damin kartar Pak Karsiman, wato Baba Karsiman, na unguwar bayan tasha, nan Kroya. Ya rasu ranar Alhamis bayan la'asar, a cikin wayar maigidansa, yana da wata tara a duniya da kati saba'in da huɗu a cikinsa. Liman ya ce ba za a yi shelar a lasifikar masallaci ba, kuma gaskiyarsa, shi ya sa aka liƙa ta a nan jikin katangar rumfa. Mai rashin ba ya jin riƙe biro a kwanakin nan, sai ya wakilta maƙwabcinsa Dulrohim, wanda ya saba rubuta irin wannan takarda idan mutum ne ya tafi.

Wanda bai san marigayin ba zai ce don me ake wannan hidima a kan wasan waya. To ya sani, gidan Pak Karsiman ne ke rataye a wuyan damin nan, kuma duk unguwa ta san da haka.

An haifi marigayin ne kwana uku bayan ƙaramar sallah. Ratri, 'yar Pak Karsiman ɗaya tilo, wadda ke aiki a wata masana'anta can a tsibirin Batam, ta zo hutu ta tarar da butar shayin gidan ta ƙone ƙurmus, an tura ta ƙarƙashin gado. Uban ya ce gas ɗin yanzu ne ba shi da kunya. Ita kuwa ta ce ya tattara ya bi ta Batam, ta riga ta share masa ɗaki. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana tsaron shingen jirgin ƙasa, bai taɓa makara wajen sauke sandar ba ko da na daƙiƙa ɗaya, shi za a ce wa ba zai iya tsaron buta ba? Ga gidan shi da matarsa marigayiya Bu Sumini suka gina shi bulo bayan bulo, ga kabarinta tafiyar minti goma. Kwana uku suna ja. Ranar da za ta koma, Ratri ta sa masa wasan a waya, ta ce ya riƙa motsa ƙwaƙwalwa da shi, ta kuma ƙara da dariya cewa in ya kashe Farin Kada, dodon ƙarshen wasan, da damin farko ta bar shi a gidansa har abada, in kuma damin ya mutu a hanya ya haɗa kaya. Sharaɗinta biyu: duk Alhamis ya turo hoton inda ya kai, kuma kada kowa ya sa masa baki yayin faɗa. Pak Karsiman ya miƙa mata hannu suka yi musafaha. Ita wasa take, shi kuwa bai taɓa jin an yi wasa da musafaha ba.

Wasan ba wani ɓoyayyen abu ba ne, rabin rumfar nan na yinsa. Kwale-kwale ne ke haura kogi, zango arba'in, a kowane zango akwai abin da ke jiranka, a na ƙarshe kuma Farin Kada. Ana raba maka kati biyar daga daminka, ana kunna maka kyandir uku, kowane kati da adadin kyandir ɗin da yake ci. In jan layin ranka ya ƙare, damin ya mutu ke nan, babu a dawo a gyara. Matasa na gama shi a zama guda, su mutu sau goma kafin azahar ba su damu ba. Pak Karsiman rai ɗaya gare shi a ciki, don haka ya riƙa yin zango ɗaya tak a mako, ranar Alhamis bayan la'asar, a kan bencin da ke fuskantar layin dogo. Sauran kwana shida yana zaune a gidansa, kuma a nasa lissafin ribar ke nan.

Za mu shaidi marigayin da haƙuri. Bai taɓa gunaguni ba, ko da maigidansa zai yi minti ashirin yana kallon kati ɗaya da tabarau a kan hanci. Za mu shaide shi da riƙon zumunci, domin duk katin da ya shige shi bai sake fita ba. Za mu kuma tuna muryarsa: shar-shar-shar idan ana cakuɗa shi, ƙwal idan garkuwa ta tare sara, da wani ɗan tin mai sanyi idan an ci zango, wanda ke sa Pak Karsiman ya cire hula ya shafa kai ya ce a ƙaro masa tempe biyu, soyayyen curin waken soyan nan. A watannin farko cakuɗar gajera ce. Daga baya sai ta yi ta tsawo, har mai shan shayi yakan kurɓa sau biyu kafin ta ƙare.

Ciwon ajalinsa ƙiba ce, kuma tun zangon farko ya kamu da ita. Duk wanda ya ci faɗa, wata tsohuwa ce a cikin wasan ke fitowa daga bukka ta miƙo masa kati uku a tafukan hannunta biyu, ya zaɓi ɗaya. Can ƙasa akwai ɗan madanni da ke cewa a wuce ba a ɗauki komai ba. Pak Karsiman ya ga madannin sarai. Amma shi ɗan zamanin da ne, a wurinsa abin da aka miƙo maka da hannu biyu ba a mayar da shi, balle babba ce ta miƙo. Wannan mutumin fa ya taɓa shan kofi huɗu a gidaje huɗu a safiya ɗaya, ya dawo hannunsa na rawa, don kawai ba zai iya cewa ya ƙoshi ba. Falonsa kalanda bakwai ne a rataye, duk na shekara ɗaya, kowacce wani ne ya ba shi. Don haka tsohuwa na miƙowa, shi yana karɓa, har da ɗan sunkuyar da kai. Inda wasan ya ba da zaɓin a kwashe duka ukun, ya kwashe. Wani maroƙi a bakin ruwa ya miƙo masa katin Tsatsa, wanda ba ya sara ba ya tarewa sai cin wuri a hannu, ya karɓa, ya sake haɗuwa da maroƙin a gaba ya sake karɓa.

Ba a rasa likita ba. Yu Tumirah, mai rumfar nan, wadda ke juya tempe a kasko da hannu ɗaya tana wasa da ɗayan, ta kashe Farin Kada sau huɗu, kuma ba ta taɓa wuce kati goma sha bakwai ba. Ita ta raɗa wa marigayin suna Gembul, wato mai tumbi. Tun da sharaɗin bai hana magana kafin faɗa ko bayansa ba, ta yi ta faɗa har bakinta ya gaji. Ta ce masa kati biyar kawai ake raba wa mutum, ko daminsa goma ne ko ɗari, saboda haka duk katin banza da ya ƙara, katinsa na kirki ya tura nesa. Ta ce ya zaɓi hanya ɗaya ya bi, in dafi ne dafi, in takobi ne takobi, kada ya tara kowane iri kamar mai kantin tireda. Ta ce kafin ya taɓa kati ya fara ɗaga ido ya duba saman kan abokin gaba, domin wasan da kansa yana rubuta abin da dabbar za ta yi a gaba, in sara ce ya tare, in hutawa za ta yi ya daka ta. Ta ce sabon shiga sara yake so, amma garkuwa ce ke kai mutum gida. A kan kwalaben magani kuwa, waɗanda ake tsinta a hanya, ta ce a sha su ake yi, ba ajiye su ake yi don ranar biki ba.

Waɗansu ya ɗauka. Duban saman kai bai ba shi wuya ba, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana karanta fitilun layin dogo, kuma da wannan ne ya ja marigayin har zango talatin, abin da ya ba kowa mamaki. Amma batun ragewa ya gagara. A kan kogin akwai maƙeri da ke ƙona wa mutum kati ɗaya duk zuwa, kyauta. Pak Karsiman ya tsaya a maƙerar sau bakwai, sau bakwai yana jera katunansa yana dubawa, ya rufe ya wuce.

"Kang, wannan ai ba dami ba ne, motar ƙaura ce," in ji Yu Tumirah a zuwa na bakwai, da kiran yaya da take yi masa. "Ƙona min Tsatsar nan ko ɗaya, don Allah, ko na samu in yi barci."

"Wanne zan ƙona, Yu? Kowanne ba ni aka yi."

"Ciwon kai ma ba ka ake yi, kana ajiye shi?"

Ya yi dariya, ya ce ta zuba masa shayi. Katin bai ƙone ba.

Daga zango na talatin da ɗaya jikin ya rikice. Sai a raba masa biyar babu na amfani ko ɗaya, ya zauna da kyandir uku suna ci a banza, dabba ta sare shi yana kallo. Jan layin ya riƙa tashi daga kowane faɗa a ƙanjame, hutun bakin wuta da wasan ke bayarwa ba ya mayar da shi yadda yake. Pak Karsiman ya daina neman ƙarin tempe. Ya fara zuwa ranar Alhamis da rigarsa ta batik, wadda yake sawa idan za shi gaisuwar mutuwa, kuma babu wanda ya tambaye shi dalili.

A nan dole mai wannan rubutu ya faɗi abin da ba a saba sawa a takardar rasuwa ba. Ba marigayin kaɗai ke ciwo ba. A zango na talatin da huɗu Pak Karsiman ya juyo da wayar ya tambayi Yu Tumirah ko mene ne aikin katin Igiya, katin da yake bugawa tun makon farko. Ta fara dariya, ta ga fuskarsa, ta bari. Wata Talata da hantsi aka same shi a bakin shingen jirgi da tsohuwar hularsa ta aiki da usur a wuya, shekara shida bayan ya ajiye aikin, yana tsaye daidai inda yake tsayawa. Ya ce miƙe ƙafa ya fito. Muka rako shi gida muna hirar farashin shinkafa, muka kuma haɗa baki ba mu gaya wa Ratri ba. Mun ce rufin asiri ne. Gaskiyar ita ce ba ma so bencin ya zama babu shi, kuma ni dai tun ranar tsoro bai sake ni ba.

Marigayin ya bar wuƙaƙe dakusassu goma sha biyu, waɗanda aka haife shi da su, da Tsatsa tara, da katunan dafi shida da ba su taɓa haɗuwa a hannu ɗaya ba balle su yi aiki, da tarkacen dangi masu yawa da ba a san ta inda suka shigo ba. Ya bar Babbar Garkuwa, abin alfaharin gidan, wadda aka samo a zango na ashirin da biyu bayan faɗan da ya sa Yu Tumirah ta ƙona kasko guda na tempe. Da aka duba bayan rasuwa, an same ta kwance a can ƙasan damin, ta saba'in da ɗaya a layi. Ya kuma bar kwalaben magani uku, cike, ba a ko taɓa murfinsu ba.

Ranar Alhamis ɗin hadari ya haɗo tun azahar ya ƙi zuba. Rumfa ta cika, har masu babur ɗin haya sun kashe injinsu sun matso. Pak Karsiman ya goge tabarau da gefen riga, ya yi bismillah, kwale-kwale ya shiga zango na arba'in. Ruwan kogin ya yi baƙi, Farin Kada ya taso a hankali har ya cika fuskar wayar. Juyi na farko an tsira. Na biyu an bar rabin rai a can. A na uku lamba arba'in da takwas ta bayyana a saman kan kadan, shi kuwa jan layin Pak Karsiman goma sha tara ya rage. Shar-shar-shar, doguwar cakuɗar nan, aka raba: wuƙa dakusasshiya biyu, Tsatsa biyu, da komar kamun kifi.

Duk wanda ke wurin ya san akwai sauran hanya. Kwalaben na nan a kusurwar sama, ɗaya tana jawo ƙarin kati uku, ɗaya tana tare sara talatin nan take. Ko ta biyun kaɗai ya sha, da ya rayu ya ga juyi na gaba. Yu Tumirah ta cusa gefen ɗankwalinta a baki ta cije, domin sharaɗi sharaɗi ne, kuma ta san in ta yi magana shi da kansa zai ce an ɓata wasan. Muka ga idonsa ya hau kusurwar ya tsaya a kan kwalaben. Ya daɗe yana kallonsu. Yatsansa ya ɗago ya yi shawagi a kansu, ya sauko. Sai ya buga wuƙaƙensa biyu, ya danna ƙarshen juyi.

Muryar marigayin ta ƙarshe gurum ce, sannan ɓul, ɓul, ɓul, kamar an nutsar da tulu. Jirgin yamma ya wuce a daidai lokacin, kofuna suka yi ta kaɗawa a kan tebur har ƙararsa ta ɓace.

Ba zan ɓoye nawa laifin ba. Ni na matsa kusa da shi na ce a fara sabo, Yu Tumirah ta haura da shi cikin awa biyu, a ɗauki hoton kadan a mace, Batam da nisa, wa zai sani. Bai ko kalle ni ba. Ya ɗauki hoton baƙin allon da kwale-kwalen a kife, ya tura wa 'yarsa, ya ajiye wayar a kan cinyarsa.

Ba a yi minti biyar ba ta kira, daga wajen aiki, ana jin injuna a bayanta. Wayarsa kullum a lasifika take saboda kunnensa, don haka duk mun ji. Kuka take. Ta ce ita fa ba ta taɓa zaton zai riƙe maganar haka ba, wata tara tana ganin hotunan tana jin kunyar kanta.

"Pak, wasa ne, na janye. Ka zauna a gidanka. Ka sake sabon dami, zan nemo wanda zai riƙa leƙa ka. Ka ji? Na ba ka, ka karɓa."

Muka saki numfashi. Ga abu an miƙo masa da hannu biyu, kuma shi ne abin da ya yi wata tara yana faɗa a kai. Na fara murmushi ma.

"A'a, Nduk," ya ce mata, da sunan da yake kiranta tun tana goye. "Na ga kwalaben. Na san kayana ne. Na yi ta kallonsu ban san ko na mene ne ba. Ki zo ki ɗauke ni tun ina gane hanyar tasha."

Shekara arba'in muna katanga ɗaya da shi, ranar na fara jin ya ce wa kyauta a'a. Ruwan ya sauko bayan nan, muka zauna a rumfar har ya tsagaita, sannan na riƙe masa lema muka tafi.

Mai rashin yana godiya ga duk wanda ya tsaya a kan marigayin lokacin jinya, musamman Yu Tumirah, wadda ta faɗi gaskiya ba a ji ba, kuma tun ranar ba ta sake buɗe wasan a wayarta ba. Yana neman afuwar duk wanda aka tsare masa benci ranar Alhamis. Yana kuma yi wa sababbin shiga nasiha da bakinsa, ya ce a rubuta ta yadda ya faɗa: tsohuwar nan ba ta fushi in an wuce ta.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ratri za ta sauka a jirgin safe ranar Asabar. Ranar Lahadi bayan azahar za a taru a gidan mai rashin, inda zai danna madannin share damin da hannunsa, a gaban shaidu. Ba za a yi zaman uku ko na bakwai ba, domin ranar Talata za su tashi, kuma jirgin sama akwati ɗaya mai kilo ashirin ya yarda masa. Sauran kayan gidan za a shimfiɗa su a kan tabarmi a tsakar gida, kowa ya ɗauki abin da ya ga zai yi masa amfani, kada a ji nauyi. Daga nan masu hali za su raka shi kabarin Bu Sumini ya yi sallama. Akwai shayi da tempe, mata su taimaka da kofuna.

Pak Karsiman ya roƙi a zo da wuri, tun da sauran haske. Ya kuma roƙi duk wanda ya shigo gaishe shi ya faɗi sunansa da ƙarfi kafin ya miƙa hannu, ko da tare suka tashi.